Yadda Za Ka Zaɓi Yaɓe Da Launin Bangon Gidanka

Jama'a, kaka ta yi, amfanin gona ya shigo gida. Yanzu ne magidanci yake samun 'yan kuɗi a hannu, yake kuma samun sukunin duba gidansa. Wani zai tarar bangon ɗakinsa ya zaizaye. Wani katangarsa ce ta tsage. Wani kuwa sabon ɗaki ya gina, yana tunanin abin da zai shafa masa daga waje.

A nan ne mutane da yawa suke asarar kuɗinsu. Sai mutum ya ga maƙwabcinsa ya yi shafen siminti, shi ma ya ce sai ya yi. Bai tsaya ya duba ko bangonsu iri ɗaya ne ba. Kafin damina biyu shafen ya ɓamɓare, kuɗi sun tafi, bango kuma ya fi da lalacewa. Saboda haka, kafin ka je kasuwa, ka fara duba bangonka. Shi ne zai gaya maka abin da ya dace da shi.

Mene ne amfanin yaɓe?

Yaɓe shi ne rigar bango. Aikinsa na farko shi ne tare ruwa, kada ya shiga jikin gini. Na biyu, yana toshe tsaga da ramuka. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. To, ba ƙadangare kaɗai ba ne. Kunama da kyankyaso da ɓera duk a tsaga suke ɓuya. Na uku, yana rage zafin ɗaki, idan an zaɓi launin da ya dace. Ado shi ne na ƙarshe.

Wannan magana ce ta tsare rai. A daminar 2022 ambaliya ta kashe mutane fiye da 600 a Nijeriya. Jihar Jigawa tana cikin wuraren da gidajen ƙasa suka fi rushewa. Gaskiya ne yaɓe ba ya tare ambaliya. Amma kowace shekara akwai ɗakunan da suke faɗawa kan masu barci ba tare da ambaliya ba. Ruwan marka ne yake jiƙa bango kwana da kwanaki, har ya kasa ɗaukar nauyin rufi.

Abubuwa huɗu da suke cin bango

1. Ruwan sama. A ƙasar Hausa yawancin hadari mai iska daga gabas yake tasowa. Shi ya sa bangon gabas ya fi kowanne zaizayewa. Ka zagaya ƙauyenku ka duba, za ka gani da idonka.

2. Rana. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan wuce digiri 40 a wurare irin su Sakkwato da Maiduguri. Bangon yamma ne yake shan ranar la'asar, ya riƙe zafin har cikin dare.

3. Iskar hunturu. Tana busar da sabon shafe da sauri har ya tsattsage. Tana kuma rufe fenti da ƙura.

4. Danshin ƙasa. Ruwa yana hawa bango daga tushe, kamar yadda kananzir yake hawa lagwani. Inda danshi ya zauna, nan gara take samun hanya.

Ka ga ke nan ba kowane gefen gida ne yake buƙatar abu ɗaya ba. Idan kuɗinka kaɗan ne, fara da bangon gabas da gindin bango.

Idan bangon ƙasa ne

Ƙa'idar mai sauƙi ce. Ƙasa da ƙasa take kamawa. Bangon tubali yana shan danshi kaɗan da damina, ya fitar da shi da rani. Yaɓen da ya fi dacewa da shi shi ne wanda zai bar danshin ya fita.

Yaɓen ƙasa. Ana haɗa jar ƙasa mai danƙo da yashi da ramno, ko yankakkiyar ciyawa, da kashin shanu ko na jaki. A kwaɓa, a tattake, a bar shi ya kwana uku ko fiye, ana ƙara masa ruwa. Ciyawar ce take hana shi tsagewa. Kafin ka yaɓe gida duka, yi gwaji. Yi kwaɓi iri uku, kowanne da yawan yashinsa daban. Shafa kowanne a bango, faɗin faifai. Bayan kwana uku ka duba. Wanda ya tsattsage, laka ta yi masa yawa. Wanda yake zuba in ka goga hannu, yashi ya yi masa yawa. Wanda ya tsaya lafiya, shi ne naka.

Makuba. Wannan ɓawon 'ya'yan ɗorawa ne. Ana daka shi, a jiƙa ko a tafasa, har ruwan ya yi ja mai duhu. Da wannan ruwa ake kwaɓa ƙasar yaɓe, ko a shafe bango da shi bayan an gama. Yana sa yaɓe ya yi tauri, ruwan sama ya riƙa zamewa. Ɗorawa tana nuna da bazara, dab da faɗuwar damina, wato daidai lokacin da ake buƙatar makuba. Don haka kada a zubar da ɓawon bayan an cire garin da kalwa. 'Ya'yan bagaruwa ma suna yin irin wannan aiki. Amma makuba tana son a sabunta ta kowace shekara ko bayan shekara biyu. A kula kuma, kada a zubar da ragowar ruwanta a tafki, domin yana kashe kifi.

Cafe. Shi ne a yi yaɓe, tun yana ɗanye a danna masa ƙananan tsakuwa, sannan a bi shi da ruwan makuba. Tsakuwar ce take karɓar dukan ruwan sama. Ya dace ƙwarai da bangon gabas.

Laso. Wannan shi ne simintin kakanninmu. Ana haɗa shi da abu uku: katsi, wato abin da yake kwantawa a gindin rijiyar rini, wanda ake shanyawa a ƙona, da gashin jima daga wurin majema, da ruwan dafara mai yauƙi. Laso yana yin shekaru bai lalace ba, musamman a kan soro da rawanin gini da zanko. Yanzu ya yi wuya, domin marina sun ragu. Amma inda ake rini har yau, kamar Ƙofar Mata a Kano, tsofaffin magina sun san shi.

Kada wani ya ce maka ginin ƙasa ba ya ƙarko. Hasumiyar masallacin Agadas a Jamhuriyar Nijar ta kai mita 27, kuma da ƙasa aka yi ta. A 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya. Itatuwan da suka fito daga jikin hasumiyar, su magina suke takawa idan za su sabunta yaɓe. A garin Jenne na ƙasar Mali kuwa, kowace shekara mutanen gari suke fitowa su yaɓe babban masallacinsu. Abin da ya riƙe waɗannan gine-gine shi ne gyara a kan kari.

Siminti a kan bangon ƙasa

Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa. Ga dalilin. Ƙasa tana kumbura in ta sha danshi, ta tsuke in ta bushe. Siminti kuwa ba ya motsi tare da ita. Sannu a hankali sai su rabu, simintin ya yi 'yar tsaga. Ruwa ya shiga ta tsagar, ya rasa hanyar fita. Daga waje bango yana kyau, daga ciki yana ruɓewa. Gara ma takan yi hanya tsakanin shafen da bangon, ba wanda ya gan ta.

Idan gidanka yana da irin wannan shafe, ƙwanƙwasa shi da sanda. Inda ka ji yana amo kamar ganga, to ya rabu da bango. A ɓamɓare wurin, a bar shi ya bushe, sannan a gyara.

Idan kuma lalle siminti kake so, kiyaye waɗannan:

1. Kada a shafe sabon gini. A bar shi ya bushe sarai, ya gama zama.

2. A ba simintin abin kamawa. A kafa tsakuwa ko tsingaro a jikin bango, ko a buga ragar waya da dogayen ƙusoshi.

3. Kada kwaɓin ya yi ƙarfi da yawa. Siminti awo 1, yashi awo 8 ya isa. Kwaɓi mai siminti da yawa ya fi saurin rabuwa da ƙasa.

4. A toshe saman bango da kyau, kada ruwa ya bi ta bayan shafe.

5. A duba kowace shekara, a toshe tsaga tun tana ƙarama.

Wanda ba shi da halin wannan duka, gara ya tsaya a kan makuba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Wasu kuma sukan jingina zana a bangon gabas da damina, su cire da kaka. Wannan ma dabara ce mai kyau, kuma ba ta cin kuɗi.

Idan bangon bulo ne

Bulo da jan bulo, su ne abokan siminti. Buhun siminti kilo 50 ne, yana cika kwanon sarki 2. Domin shafen waje, a haɗa buhu 1 da yashi kwanon sarki 8 zuwa 12, wato baro 2 zuwa 3. Yashin ya zama mai tsabta, wanda aka tankaɗe, ba laka ba ganye. A jiƙa bango kafin a fara. Kaurin shafe kada ya wuce kaurin yatsa.

Bayan an gama, a riƙa yayyafa masa ruwa safe da yamma har kwana 7. Mutane da yawa suna raina wannan. Siminti da ruwa yake yin ƙarfi. In ya bushe da wuri, sai ya riƙa zuba kamar gari. Ka tsaya a kan birkila, ka ƙirga buhunan da aka kwaɓa. Kada ka sayi simintin da ya yi ƙulalai a cikin buhu, ya riga ya sha danshi.

Akwai masu manna tayil ko yankakken dutse a fuskar gida. Suna da ƙarko, ba sa son fenti, amma suna da tsada da nauyi. Bangon bulo kaɗai suke so. Akwai kuma masu kewaye ɗaki da kwanon rufi. Yana da saurin kafawa, amma da rana ɗakin kamar tanda yake, da hunturu kuma sanyi. Ya fi dacewa da wurin ajiya, ba ɗakin kwanan yara ba.

Abin shafawa iri uku

Farar ƙasa. Ita ce mafi araha. Tana kama bangon ƙasa da na siminti, tana kuma barin danshi ya fita. A dama ta ruwa-ruwa kamar madara, a zuba ɗan gishiri don ta kama. A shafa sau biyu ko uku, kowane shafi ya bushe kafin na gaba. Shafi mai kauri ɓarewa yake yi. Wasu sukan ɗiga mata bula don ta ƙara haske. Irin ta buhu da ake sayarwa a shago tana cin hannu, tana ƙona ido. A sa leda ko safar hannu, a kori yara daga wurin. Aibinta shi ne sai an sabunta kusan kowace shekara.

Fentin ruwa. Shi ne wanda ake tsinkawa da ruwa. Ya dace da shafen siminti. Ka gaya wa mai shago na waje kake so, domin na cikin ɗaki ba ya jure rana da ruwa. A jira sabon shafe ya yi mako 4 kafin a shafa. In ka ga wani farin gishiri ya fito a jikin shafen, goge shi da busasshen buroshi tukuna.

Fentin mai. Shi ne mai ƙyalli, wanda ake tsinkawa da kananzir. Wurinsa ƙofa da taga da ƙarfe. In aka shafa shi a bango mai danshi, sai ya kumbura ya riƙa saɓulewa. Kada a shafa shi a bangon ƙasa.

Akwai gargaɗi a kan fentin mai. Wasu irinsa suna ɗauke da dalma, musamman ruwan ɗorawa da ja da ruwan goro. Dalma guba ce. Tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, ta hana shi fahimta. Mun ga ɓarnarta a Jihar Zamfara a 2010, inda aƙalla yara 400 suka mutu. Can daga dutsen zinariya da ake dakawa a gida ta fito, amma gubar ɗaya ce. Don haka a nemi fentin da aka rubuta a jikinsa cewa babu dalma. A duba tambarin NIS na hukumar SON mai kula da ingancin kaya. Kada a bar yara su ɓanɓari tsohon fenti su kai baki. Kada kuma a zuba ruwan sha ko abinci a gwangwanin fenti, ko da an wanke shi.

Zaɓen launi

Kowa ya san farar riga ta fi baƙa sanyi a rana. Haka bango yake. Farin bango yana mayar da kamar kashi 7 ko 8 cikin 10 na hasken rana. Baƙi kuwa yana shanye kusan kashi 9 cikin 10, ya mayar da shi zafi. Gani ya kori ji. Ajiye baƙin ƙyalle da fari a rana, ka taɓa su bayan rabin sa'a.

Amma fari fat yana da matsala biyu. Yana kashe ido da tsakar rana, kuma ƙura da tsalle-tsallen ruwan sama suna ɓata shi da wuri. Ga shawara:

1. Jikin bango ya zama mai haske: fari, ko ruwan madara, ko ruwan ƙasa mai haske. Bangon yamma ya fi kowanne buƙatar wannan.

2. Gindin bango, daga ƙasa zuwa gwiwa ko ƙugu, ya zama ruwan ƙasa ko ruwan toka. Nan ne ruwa yake fantsama, awaki suke goga jiki, yara suke taɓawa.

3. Dubi ƙasar garinku. Inda ƙasa ja ce, launi mai ɗan ja-ja ya fi ɓoye ƙura.

4. Ja mai haske da shuɗi mai duhu da kore shar suna saurin koɗewa a rana. Launin da ya yi kama da ƙasa ya fi daɗewa.

5. Launuka masu ƙarfi a bar su ga ƙofa da taga da fuskar zaure. Wuri kaɗan ne, sabunta shi ba wuya.

Ado a ƙofar gida gadonmu ne. Wanda ya ga ƙofar fadar Sarkin Zazzau, ko tsofaffin gidajen unguwar Birni a Damagaram, ya san haka. Idan kana son zanen dagi ko wani zane a fuskar zaure, gaya wa magini tun yaɓe yana ɗanye. Tun ran gini, ran zane.

Kada ka amince da launin da ka gani a bakin gwangwani. Shafa kaɗan a bango, ka bari ya bushe. Dube shi da safe, da rana tsaka, da yamma. Ka yi shawara da uwargida, domin ita ce ta fi kowa wuni a gidan. In kun daidaita, sayi abin da zai ishe ka gaba ɗaya. Wanda za ka ƙaro daga baya yana iya bambanta da na farko.

Kada a manta da sama da ƙasa

Komai kyan yaɓe, ba zai daɗe ba in ruwan rufi yana zuba a kansa. Idan rufin kwano ne, bakinsa ya zarce bango da kamar ƙafa 2. Idan soro ne, indararo ya zama dogo, ya watsa ruwa nesa. A share shi kafin ruwan farko, a toshe gefensa. Inda ruwan yake sauka a ajiye duwatsu, kada ya haƙa rami.

A gindin bango a yi dakali ko a tara burji a daɓe, ya gangara waje. Kada ruwan wanka ko na wanke-wanke ya kwanta a jikin katanga. Kada a jingina taki ko itace ko kara a bango, domin suna kiran gara.

Lokacin aiki da lissafi

Lokaci mafi kyau shi ne bayan ɗaukewar ruwa, daga Oktoba zuwa Nuwamba. Akwai sauran ruwa a kududdufi, hunturu kuma bai yi ƙarfi ba. Makuba da ƙananan gyare-gyare a yi su da bazara, kafin ruwa ya sauka. Kada a jira sai hadari ya haɗu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Fenti kuwa a shafa shi da safe ko da yamma, ranar da babu ƙura.

Kafin ka sayi fenti, auna bango. Ninka tsawo da tsayi. Misali, bango mai tsawon mita 4 da tsayin mita 3 ya zama 12. In bango huɗu ne irinsa, 48 ke nan. Galan mai lita 4 yakan shafe kimanin 30 zuwa 40 sau ɗaya, in bangon sumul yake. Tun da shafi biyu ake yi, wannan ɗaki zai ci kamar galan 3. Bango mai kaushi ya fi shan fenti.

Kada ka dubi kuɗin yau kaɗai. Tambayi kanka, shekara nawa abin zai yi, kuma in ya lalace zan iya gyara shi da kaina? Makuba da farar ƙasa ba sa cin kuɗi, amma suna son aiki kowace shekara. Siminti da fenti suna cin kuɗi da farko, amma a bangon bulo suna daɗewa. Fenti mai arahar gaske kuwa yakan wanke a damina ɗaya. Araha ba ta ado.

Abin tunawa

1. Duba bangonka kafin ka sayi komai.

2. Bangon ƙasa, yaɓen ƙasa da makuba da farar ƙasa.

3. Bangon bulo, shafen siminti da fentin ruwa na waje.

4. Fara da bangon gabas da gindin bango.

5. Launi mai haske a sama, mai ɗan duhu a ƙasa.

6. Gyara indararo da dakali kafin damina.

7. Kiyaye yara daga fenti da gwangwaninsa.

Gobe da safe ka ɗauki sanda ka zagaya gidanka. Ƙwanƙwasa bango, dubi gindinsa, leƙa indararo. Abin da ka gani, ka kira magini ku yi shawara tun rani bai yi nisa ba. In maƙwabta suka haɗu suka yi gayya, gida ɗaya yau, ɗaya gobe, aikin zai zo da sauƙi. Rigakafi ya fi magani.